Hular Labaran Mai Majigi

Da an idar da sallar asuba za ka ga Labaran mai majigi ya fito daga lungunsu a Kawo yana tura kekensa. Ba ya hawa sai ya wuce tasha, don kada gaisuwar wani ta wuce shi. Hular nan tasa kuwa kowa ya san ta, tsakiyarta ta ƙone ta yi baƙi. Masu dariya suna yi mata, amma ban da waɗanda suka san abin da ya ƙona ta.

Shekara da shekaru yana bin gari da ƙauye yana haska fim a farin ƙyalle, yana yi wa jama'a bayani da Hausa ta lasifika. Kuma yana da ƙa'ida: ba ya nuna wa mutane abin da bai fara gani shi kaɗai ba. Da rana sai ya kulle kansa a sito, ya haska a bango, ya lura da duk inda tsiraici yake ko gawa. In an iso wurin a gaban jama'a, sai ya tuɓe hula ya rufe bakin fitilar, ya ci gaba da magana har a wuce. Zafin fitila ne ya ci hular.

Wannan watan zai ajiye aiki. Ba zan lissafa alherinsa ba, rana ɗaya kawai zan ba ku.

Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi ya kori mutane, aka shirya makon fina-finan ƙasashen waje a nan Kaduna. Ba irin na Indiya masu waƙa ba, na labarin gaskiya ne: masunta a wata ƙasa, masu haƙar ma'adini a wata. Malam Aminu, shugabansu a ofis, mutumin kirki ne, amma shi ma akwai na sama da shi. Ya kira Labaran ya ce, "Baba, wannan karon dai a bar hula a ka. Masu fina-finan suna sahun gaba, kuma sun ce kada a ɓoye komai." Labaran ya ce ya ji, ranka ya daɗe.

Ran Alhamis da hantsi ya ɗora fim ɗin da za a nuna a ranar. Wasu Faransawa ne suka ɗauko shi can arewacin Nijar lokacin farin. Yana kallo, sai ga mota an tsaya ana sauke buhunan dawa, direban ya juyo yana dariya, wushiryarsa a fili. Labaran ya matsa kusa da bangon. Rabe ne, maƙwabcinsa.

Rabe ya tafi jigilar abincin agaji, bai dawo ba. Wasu suka ce ya zarce Libiya neman aiki, wasu suka ce ai aure ya yi can ya manta da gida. Matarsa Turai tana sayar da tuwo a tashar Kawo da 'ya'yanta, ba ta da aure ba ta kuma zama bazawara ba, duk direban da ya sauko daga arewa sai ta tambaye shi. Labaran ya mayar da fim ɗin baya, ya sake dubawa, yana fatan idonsa ne. Sai ya bar shi ya ci gaba. Can gaba ga Rabe kwance a inuwar motarsa, ya rame har ƙasusuwan fuska sun fito. Can gaba kaɗan an kwantar da shi a tabarma, fuska a buɗe, ana shirin sa shi a likkafani. Mai ɗaukar hoton kuma bai kawar da kai ba.

Abin da ya fi tayar wa Labaran da hankali, shi da bakinsa ya gaya wa mutanen tasha su zo su ga fim ɗin fari, kyauta ne. Turai ce ta fara cewa za ta zo, har da yaran.

Ya zauna a kan akwatin fim. In ya rufe da hula ya yi shiru, ya bar baiwar Allah tana jiran wanda ba zai zo ba, ana ci gaba da zagin mamaci. In ya bi umarni, za ta ga gawar mijinta ta cika bango a tsakiyar baƙi, yara na gefenta. Gobe da safe kuma fim ɗin zai wuce Legas.

Bai je wa Turai kai tsaye ba, don ba haka ake kai wa mace labarin mutuwa ba. Ya hau keke a cikin ranar nan har Kurmin Mashi, wajen Alhassan, yayan Rabe. Alhassan ya zo ya gani, ya yi salati, ya zauna a ƙasa. Shi ya je ya ɗauko Turai bayan azahar. Labaran ya nuna mata inda Rabe ke dariya, ya tsayar da injin. Ta daɗe tana duban bangon.

"Shi ne," ta ce. "Baba Labaran, akwai saura, ko?"

Ya ce akwai, amma ba dole ne ta gani ba, yayansa ya gani ya shaida. Ta tambaya ko an yi masa salla. Ya ce an yi, ya ga sahu da idonsa. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Da za ta fita ta roƙe shi abu guda: kada 'yan tasha su gan shi a haka.

Labaran ya nemi Malam Aminu don ya sanar da shi, aka ce ya tafi tarbar baƙi. Har aka yi magariba, ɗakin taro ya cika, ba su haɗu ba. Labaran ya kunna injin. Da Rabe ya bayyana yana dariya, 'yan Kawo suka ɗauki guna-guni, wani ya kira sunansa. Labaran yana bayani, ido na kan ƙeyar Malam Aminu a sahun gaba. Da aka zo inuwar mota, ya tuɓe hula.

Bango ya yi duhu. Baƙi suka waiwayo, Malam Aminu ya miƙe tsaye.

"Jama'a," in ji Labaran ta lasifika, "abin da ke ƙarƙashin hular nan gawar Rabe direba ce, ɗan unguwarku. Bai gudu ba, bai yi aure ba. A wajen kai wa mayunwata abinci Allah ya karɓi abinsa. Iyalinsa sun roƙi a suturta shi. A yi masa Fatiha."

Sai jama'a suka ɗaga hannuwa. Kiristocin da ke ciki suka sunkuyar da kai. Ƙaurin hula ya fara tashi, bai janye ba sai da aka wuce kabari. Malam Aminu ya koma ya zauna, yana yi wa baƙi bayani ƙasa-ƙasa. Washegari an kira Labaran ofis, an yi masa faɗa, an kuma ba wani aikin sauran kwanakin makon. Bai musa ba, bai ba da haƙuri ba. Ran nan Turai ta shiga takaba, 'yan tasha da suka riƙa yi da Rabe suka je gaisuwa kansu a ƙasa.

Labaran, kai ne ka san abin da ake nunawa da abin da ake rufewa. Kai ne ka suturta mamaci daga nesa, ka wanke sunansa, ka sauke wa mace jiran da ya kusa kashe ta. Mun gode. Allah ya suturta ka ranar da babu hular da za ta rufe wa kowa komai.

Ku kuma da za ku karɓi injin nan, ina ganinku kai babu hula, kuna ta sauri. Ku riƙa duba abu kafin ku haska wa mutane. Kowace fuska a bangon nan tana da wanda ke jiranta a gida.