Rijiyar Baba a Binciken Hukuma

Ƙanwar mijina ita ce autar gidan, kuma tun kafin a kawo ni ake ce mata Hukuma. Yanzu tana aiki a wani ofis da ke gwajin ruwan sha, tana yawo da farar riga da kwalabe, amma ni na san ta tun tana sakandare. A lokacin ma in ka yar da leda a tsakar gida, sai ta ɗauko ta biyo ka har ƙofar ɗaki, ta tsaya tana kallonka kamar ka yi kisan kai. Da ta samu jami'a aka ba ta kimiyyar muhalli, sai abin ya samu lasisi.

Surukina, Baba, makaniki ne. Garejinsa na jingine da katangar bayan gidan, a nan mijina yake aiki tare da shi. Ranar da sunan Hukuma ya fito a jami'a, Baba ya tambaye ta me masu wannan karatun suke zama in sun gama. Ta zauna ta yi masa dogon bayani a kan ƙasa da iska da ruwa, da yadda za a ci moriyar duniya a rage wa 'yan baya. Ya yi ta gyaɗa kai. Yana fita gareji ya sanar da kowa 'yarsa za ta zama likitar ƙasa.

Mu 'yan gida kuwa mun ji a jikinmu. Duk hutu da sabon laifin da take dawo mana da shi. Ta taɓa jera bokitai a ƙofar kicin, ta rubuta wa kowanne suna, wannan na ɓawo, wannan na roba, wancan na kwalba. Ni da nake fama da girki da goyo, sai na tsaya na yi karatu kafin in zubar da ɓawon albasa. Mai kwasar shara kuma in ya zo, ya juye su duka a kura ɗaya ya yi gaba abinsa. Wani hutun ta haƙa rami daidai tagar ɗakina, wai taki take haɗawa, ƙudajen unguwa kaf suka tare a wajena. Haushinta nake ji ƙwarai, ba na ɓoyewa. Amma ina sonta, don ita kaɗai ce a gidan take karɓar mini yarinya ba sai na roƙa ba.

Abu ɗaya ne Hukuma ba ta taɓa samu da laifi ba, rijiyar Baba. Shi ne da kansa ya sa aka haƙa ta a tsakar gida shekarar da ya gina gidan. Famfon layinmu sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka kullum da safe ƙofarmu a buɗe take, matan layi su shigo da bokitai su ɗiba su tafi. Baba ba shi da ilimin boko, motarsa ma sai an tura, amma yana da rijiya. In ka ji yana yabon sanyin ruwanta da haskensa, sai ka ɗauka shi ya halicce shi.

A shekararta ta ƙarshe aka ba ta aikin bincike, ta auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da babbar bolar ƙarshen unguwa. Malamin da ke duba aikin ya ce ta nemi rijiya ɗaya mai tsabta, nesa da bolar, wadda za a gwada sauran da ita. Ko tunani ba ta tsaya yi ba. Wace rijiya ce ta kai ta gidansu? Baba da kansa ya wanke hannu da sabulu, ya zura guga, ya cika mata kwalbar, ya ce ta gaya wa malaman idan suna son ƙari su aiko.

Yarinyar da take hango zunubi a jikin buroshin goge baki, ba ta taɓa leƙa bayan katangarmu da idon karatu ba. A can akwai ramin da ake juye baƙin mai tun kafin a haife ta, ga tsofaffin batira jibge suna tsiyaya. A littafinta wannan gurɓata ƙasa ce. A hancinta kuwa ƙanshin rigar Baba ne, da shi ta tashi.

Sakamako ya fito. Rijiyoyin bola ba su da kyau, amma wajen dalma da mai, tamu ta yi musu fintinkau. Hukuma ta ɗora laifin a kan injin, ta ɗora a kan mai kula da ɗakin gwajin, ta ɗora a kan kwalba. Aka sake ɗiba aka sake aunawa, abin bai canja ba. Sai malamin ya tambaye ta me ke kusa da wannan rijiyar. Ta ce gidansu ne. Ya ce ba gidan wa ya tambaya ba, me ke bayan gidan?

Da rana tsaka ta shigo mini kicin, ta fizge kofin da ke hannun 'yata ta zubar. Na buɗe baki zan wanke ta, sai na ga idonta. Ta gaya mini komai. Digirinta dai lafiya lau, malamin ya ce ta nemi wata rijiyar ta ci gaba da aikinta. Abin da ya rage shi ne wa zai gaya wa Baba.

Jarumar tamu sai ta koma siyo ruwan leda tana jibgewa a kicin, ita da ta sha alwashin raba duniya da leda. Ta ce wa surukata Inna wai gwaji take yi. Washegari na ga matan layi sun shigo suna ɗiba kamar kullum, raina ya ɓaci. Na ja ta gefe na ce, “Ke da kika iya yi wa ɓawon albasa shari'a, yau bakinki ya mutu? Ko ki faɗa masa yau, ko ni in faɗa.”

Ta same shi a gareji, ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma. Ina tsaye a ƙaramar ƙofar baya ina jin su.

“Baba, ruwan rijiyarmu ba ya shayuwa.”

Ya yi dariya, ya ce shi da yake sha tun tana ina? Ta ce an auna, an kuma sake aunawa.

“Daga bolar ne, Auta?”

“A'a, Baba. Daga nan ne.” Ta nuna masa ramin.

Ya daɗe yana kallon ramin, tsumman na hannunsa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, “Yaran layin nan fa, da suka tashi a kansa?”

Ta ce sai an kai su asibiti an duba jininsu, ita ba ta sani ba. Tausayinsu su biyun ya kama ni, sai na koma cikin gida.

Kafin la'asar ya yanko ƙarfe ya yi wa bakin rijiyar walda da hannunsa. Inna ta ce a gaya wa mutane kawai wani abu ne ya faɗa ciki, mijina ya ce wannan ita ce dabara. Baba bai kula su ba. Ya canja riga, ya sa hula, ya ce Hukuma ta biyo shi. Gida gida suka bi, a kowace ƙofa yana cewa shi ya ɓata ruwan, 'yarsa ce ta gano. Ka ji Baba, a cikin wannan halin ma sai da ya yi alfahari da ita.

Wasu suka ce ba komai, Allah ya tsare gaba. Wasu da suka shekara suna ɗiba kyauta suka zama masana nan take, wai su dama sun daɗe suna jin wani ɗanɗano. Wata mai ɗinki a ƙarshen layi, mai yara ƙanana, ta saurare shi har ya gama, sannan ta rufe masa ƙofa a fuska. Hukuma ta gaya mini cewa Baba ya tsaya a wurin yana gaya wa ƙyauren cewa gobe zai zo ya kai su asibiti.

Da safe mijina ya tura masa motar ta tashi. Na shiga gaba da 'yata a cinya, Hukuma na baya ta takure. Ya tsaya a ƙofar mai ɗinkin, bai ƙwanƙwasa ba, bai yi hon ba, bai kuma kashe injin ba. Muka yi ta jira har na fara cewa mu tafi. Can sai ga ta ta fito da yaran, ta zuba su a baya kusa da Hukuma, ta shiga ta ja ƙofa ba ta gaishe shi ba. Baba ya gyara madubi, ya kalli yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja motar.