Romon Kaza a Miyar Madam Kamla

Har gobe ba zan manta da ranar da na tsaya a tsakiyar wani gidan abinci a Lyon na ce wa baƙina su ajiye cokula ba. Shekaru sun wuce, amma in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ya kamata ku ji yadda abin ya faru.

Lokacin ina shekarata ta uku a wata 'yar ajans, wato kamfanin yawon buɗe ido, kusa da Porte de la Chapelle a Paris. Na gama karatu a Saint-Denis, aka ɗauke ni saboda ina jin Ingilishi. Ni ɗan Maraɗi ne, amma na yi shekaru a wajen kawuna a Katsina, can na tsinci harshen. Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Wata ajans a Indiya ita ke sayar wa mutane tafiyar, ta nema musu biza da tikitin jirgi. Mu a Paris mu ne masu tarba. Otel, kar ɗin, wato bas, da zai yi yawo da su, abinci, tikitin shiga wurare, duk a wuyanmu suke. Mai ajans ɗin, Musyu Filip, shi ke sa hannu a kan kowace yarjejeniya. Ni kuma ni ne mai kula da baƙin Indiya: ni ke tsara tafiyar tun daga biro, wato ofis, ni ke raka su daga saukarsu har tashinsu.

A ƙarshen hunturun wannan shekara aka turo mana wani iyali daga Gujarat da za su zo a watan Mayu. Babbansu wani ɗan kasuwar yadi ne, Mista Rajesh, da matarsa, da ƙannensa da matansu, sai mahaifiyarsu, Madam Kamla, tsohuwa da ta haura tamanin. Mako guda za su yi a Paris, amma a tsakiya za a sauka Lyon kwana ɗaya, don jikar tsohuwar, Nisha, can take karatu. Dalilin tafiyar ma ke nan. Tsohuwa ta ce sai ta ga inda jikarta ke kwana kafin ta mutu.

Mabiya addinin Jain ne. Ba sa cin nama, ba sa cin kifi, ba sa cin ƙwai. Har albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci, don sun ce tono su daga ƙasa yana kashe ƙananan halittu. Mista Rajesh ya kira ni da kansa tun kafin su taso.

"Mista Lawali, mu yara mukan yi sassauci in muna tafiya," in ji shi. "Amma uwata tun da aka haife ta abu mai rai bai taɓa shiga bakinta ba. Otel in ya yi muni za mu haƙura. Abinci kawai nake roƙonka."

Na ce masa, "Ka kwantar da hankalinka. Ni zan tsaya a kai."

Kuma na tsaya. A Paris abin bai ba ni wuya ba. Na bi gidajen abincin Indiyawa na unguwar La Chapelle ɗaya bayan ɗaya, har na samu mai dafa irin nasu, na zauna da shi muka tsara abincin kowace rana. A Lyon ma na samu wata mata mai ƙaramin resto wadda ba ta dafa nama kwata-kwata. Da na kai wa Musyu Filip tsarin don ya sa hannu, sai ya ja layi ya soke sunanta.

"A Lyon muna da namu," ya ce. "Abokina ne, shekara da shekaru shi ke ciyar da Indiyawanmu. Ya san su sarai."

Na yi masa bayanin cewa waɗannan ba kamar sauran ba ne. Ya ɗaga wayar a gabana ya kira abokin, ya miƙo mini. Na lissafa wa mutumin komai, na maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Pas de problème, ba matsala, ɗan saurayi. Miyar tumatir, shinkafa, wake da ganye. Ko limaminsu ya zo zai ci."

Kwanakin farko a Paris lafiya lau. Madam Kamla 'yar ƙarama ce, cikin farin sari, da rigar sanyi ruwan toka da ta yi mata yawa. Ba ta jin Ingilishi, amma komai sai ta tambaya, ɗanta na fassarawa. A cikin jirgin ruwa na kogin Seine ta tambaye ni ko mutanen garin na shan wannan ruwan. Hawan hasumiyar Eiffel muka bar shi sai ranar ƙarshe, bisa roƙonta, don tana so Nisha ta biyo mu su hau tare.

Muka shiga jirgin ƙasa muka sauka Lyon da hantsi. Nisha ta tarbe mu a tasha, ta faɗa jikin kakarta suna kuka suna dariya. Aka je aka ga ɗakinta, tsohuwa ta buɗe kowace tukunya ta duba, ta yi mata faɗan rama. Da azahar muka isa gidan abincin abokin Musyu Filip.

An kawo miya, an fara sha. Madam Kamla ta kai cokali kaɗan, ta gyaɗa kai, ta sa aka gaya mini miyar ta yi daɗi. Ina tsaye kusa da ƙofar madafa sai na ji an ce a hankali, "Malam, kana jin Hausa?"

Na juya. Wani dogon mutum ne da rigar wanke-wanke, hannunsa duk kumfa. Daga baya na san sunansa Isuhu, ɗan Tawa, yana karatun digiri na biyu, yana wanke kwanuka da rana don ya riƙe kansa.

Na ce, "Ina ji. Lafiya?"

"Mutanen ga naka, an ce ba su cin nama?"

"Ko kaɗan."

"To wallahi miyar ga da romon kaza anka yi ta. Ni na wanke tukunyar da safe. Akwai wata bisa wuta yanzu. Don Allah kar ka ce ni na hwaɗa maka."

Na tura ƙofar na shiga, kamar mai neman ruwan zafi. Na ɗaga murfin babbar tukunyar da ke kan wuta. Ƙasusuwan kaji ne ke tafasa, da albasa manya-manya suna juyi a ciki. Mai gidan abincin ya taso yana goge hannu, yana tambayar wa ya ba ni izinin shiga.

Na ce, "Da wannan ka yi miyar?"

"Romo ne kawai. Ba nama a ciki, na tace shi."

"Na gaya maka a waya. Na maimaita maka."

"Kai, saurara. Miyar ruwa zalla wa zai sha ta? Duk Indiyawan da kuke kawo mini wannan suke sha, har su nemi ƙari. Ba wanda ya taɓa mutuwa. Filip ya sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi ƙona ni. Na fita ta ƙofar baya na kira Musyu Filip. Bai ma yi mamaki ba.

"Sun lura?" ya tambaya.

"Ba su lura ba. Suna cikin sha."

"To mene ne matsalar? Ka bar su su gama, ka kai su yawo. Wanda bai sani ba, ba abin da ya same shi."

"Tsohuwar nan shekara tamanin..."

"Lawali, kai ma'aikacina ne, ba malamin addininsu ba. In ka buɗe baki, ajans ɗin Indiya za ta janye mana duk baƙin bana. Ka ji ni?"

Na ji shi. Na kuma san takardar zamana a ƙasar nan da aikin take rataye. Amma ta tagar madafa ina hango tsohuwar tana kai cokali baki, kuma kowane cokali da sanina take kai shi yanzu. Na kashe wayar na koma ciki.

Na ce da Ingilishi, da ƙarfi, "Don Allah kowa ya ajiye cokalinsa."

Na matsa kusa da Mista Rajesh na gaya masa abin da na gani, ban rage komai ba. Fuskarsa ta canza. Ya kalli kwanon uwarsa, sannan ya durƙusa gefen kujerarta ya yi mata magana da harshensu.

Na zaci za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta ajiye cokalin a hankali, ta ture kwanon da bayan hannu. Ta nemi ruwa, Nisha ta kama ta suka fita waje. Ta cikin gilas muna kallonta tana kurkure baki a bakin titi, tana zubarwa, tana sake kurkurewa, har kwalbar ta ƙare. Sannan ta zauna a kan benci ta rufe fuska da gefen sarinta.

Mai gidan ya fito yana ɗaga hannuwa, yana cewa da Faransanci duk wannan wasan kwaikwayo a kan ɗan romo, mutanen da a ƙasarsu ko ruwan kirki ba su da shi. Bai san Nisha ta dawo tana bayansa ba. Yarinyar ta amsa masa da Faransancin da ya fi nasa tsabta, har masu cin abinci a sauran tebura suka sunkuyar da kai. Ni kuwa Mista Rajesh ya juyo kaina.

"Ka ce za ka tsaya a kai. Abu ɗaya na roƙe ka. Abu ɗaya!"

Ban kare kaina ba. A idonsa ni ne ajans, kuma da bakina na yi alkawarin.

Daga wannan rana Madam Kamla ta ɗauki azumi irin nasu, ba ta shan komai sai dafaffen ruwa. 'Ya'yanta suka yi ta lallashi, suka ce ai ba da saninta ba ne, ta ƙi. Muka koma Paris da ita a galabaice. Ranar hasumiya ba ta iya tashi daga gado ba, Nisha ma ta ƙi tafiya ta bar ta. Tikitin nan biyu a aljihuna suka mutu.

Ina tsammanin abin ya kai iyaka, ashe da saura. A ranar da yamma ajans ɗin Indiya ta kira tana neman bayani, Musyu Filip ya amsa a gabana, muryarsa kamar zuma. Ya ce abin takaici ne, wani ƙaramin ma'aikaci ne bai isar da saƙo daidai ga mai dafa abinci ba, kuma za a hukunta shi. Yana ajiye wayar na miƙe.

"Ni ne ban isar da saƙo ba? A wayarka na yi magana, kana zaune!"

"Dole wani ya ɗauki laifin," ya ce, ko kunya babu. "Da ka yi shiru, da yanzu kowa na murna. Kai ka ɓata wa tsohuwar nan hutu, ba ni ba."

Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa mai gidan aiki ba, da Faransanci, da ya ƙare mini na ƙarasa da Hausa. Washegari aka cire ni daga rakiyar baƙi, aka zaunar da ni a teburin yankan tikiti. A makon ne kuma Isuhu ya kira ni. An sallame shi. Mai gidan ya ce ya ga baƙaƙe biyu suna magana da yarensu a bakin ƙofa, ba ya bukatar wata shaida. Mutumin da ya faɗi gaskiya ya rasa abincinsa, shi kuwa mai romon bai rasa ko tebur ɗaya ba. Ayarin da ya biyo baya ma can aka kai su.

Ranar da iyalin za su tashi, na je filin jirgi duk da an hana ni. Madam Kamla na kan keken marasa ƙarfi, ta ƙara ƙanƙancewa. Mista Rajesh ya kau da kai, amma ita ta yafito ni, Nisha na fassara.

"Ku ma akwai abin da ba ku ci?"

Na ce, "Akwai. Alade."

"An taɓa ba ka ba ka sani ba?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na tuna shekarun da na yi ina ci a ɗakin cin abincin makaranta da gidajen abincin da nake kai baƙi, ina tambaya ana ce mini ba komai. Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ni na sani. Na wanke kaina da azumi, na gama. Kai ne abin tausayi."

Aka tura kekenta suka shige. Ƙarshen bazara na bar wannan ajans.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba hasumiya muke sayarwa ba, ba kogi ba. Waɗannan suna nan ko da mu ko ba mu. Mutum yana barin ƙasarsa ya zo inda bai jin harshe, bai san abin da ke cikin tukunya ba, ya miƙa maka cikinsa da addininsa da tsohuwarsa. Kuma a cikinmu akwai masu kallon wannan rashin sanin nasa a matsayin dama. Ba mahaukata ba ne, ba sa zagi, suna murmushi suna cewa ba matsala, kuma sau da yawa su ke ci gaba a sana'ar. Za ku gamu da su, wata rana ma ɗayansu ne zai riƙa biyan ku albashi. Ranar da ya ce ku yi shiru don baƙo bai lura ba, ku sani baƙon ba shi da wani ido a garin nan sai naku.