Shinkafar Taiwan a Bakin Kaka

In na ce kakata ta taɓa zuwa Taiwan sai mutane su yi dariya, wai ina tsohuwar Kano ina can. To ta je, ba mafarki ta yi ba. Alhaji kakanmu ɗan kasuwa ne mai sarin lema da kayan keken ɗinki, sau ɗaya ya tafi da ita tun tana da ƙuruciya. Tafiyar nan ba ta daina ba da labarinta ba har ƙarshen rayuwarta.

Aikin ido ne ya kawo ta wurinmu Manchester. Ido ya buɗe, amma komawa ta gagara, don ga ciwon suga, ba ta iya doguwar tafiya ita kaɗai. Lokacin kuma gwamnati ta tsuke bakin aljihu, a council, wato ƙaramar hukumar da Baba yake aikin akawu, ana ta rage ma'aikata. Yana tsoron ya ɗauki hutu ya dawo ya tarar babu kujerarsa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Hajiya, bari abubuwa su daidaita." Ita kuwa gida take so, ta ga ƙanwarta Inna Hajara tun da sauran kwana. Sai dai Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "ubanku", balle ta dubi idonsa ta roƙe shi wani abu.

Da sanyi, kafin mu dawo daga makaranta gari ya fara duhu. A gidanmu na unguwar Withington falo kawai ake kunna wa wutar gas, don haka bayan magariba kowa nan yake tarewa: ni da ƙanwata Ummi a ƙasa, Baba a tebur ya duƙufa kan kwamfuta, Kaka a kujerar da ta fi kusa da wuta. Sai ka ji ta ce:

"Kai angona, janye ƙafafun nan naka masu sanyi daga jikina, rowar safa ma kake yi? Ummi, kashe akwatin talabijin ɗin nan. To, ga ta nan ta taso muku daga tsakiyar teku."

Sai ta fara da ƙasar tukuna. Ta ce ruwa ne ta ko'ina, tsakiya kuma duwatsu har cikin gajimare, shi ya sa mutane suka cunkushe a gefen yamma inda ƙasa ta kwanta. Zafinsu mai gumi ne, ka shanya zane ya wuni bai bushe ba. Sau biyu suke girbin shinkafa a shekara. Gidan da suka je sari, a falo ake harhaɗa lema, uwa da 'ya'ya da tsohuwa kowa da nasa aikin, maza na tauna wani abu kamar goro, baki ja wur. Ran nan ƙasa ta girgiza, kofin shayi ya kama rawa, Kaka ta saki salati da ƙarfi. "Matar gidan ko kai ba ta ɗaga ba! Na ce lallai waɗannan sun ga duniya."

Daga nan sai tatsuniyar. Wai akwai wata tsohuwa da ɗanta, suna da gonar shinkafa a gindin dutse. A can in an ji guguwar teku na tafe, kowa sai ya fita ya yanke shinkafarsa ko ba ta gama nuna ba, maƙwabta na taya juna, don in guguwa ta iso kwantar da gona take yi cikin ruwa. Maƙwabta suka fara yanka. Ɗan ya ce shi sai tasa ta yi jawur. Tsohuwa ta ji iskar a gwiwoyinta, amma ba ta ce masa komai ba. Da asuba sai ta wasa lauje ta ajiye a bakin ƙofa. Ya fito ya tsallake. Washegari ta sake wasawa, ya sake tsallakewa. Sai guguwa ta zo, ko tiya ɗaya ba su tsira da ita ba.

Ummi ba ta da haƙuri. Da Turancinta na Manchester ta ce, "To don me ba ta gaya masa kawai ba?"

Kaka ta harare ta. "Ke dai Baturiya ce. Uwa ce fa. Wace magana kuma ta rage?"

Muka kwashe da dariya. Baba ma ya yi murmushi ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Hajiya da labarin Taiwan ɗinta." Wallahi har yau in na tuna murmushin nan sai raina ya ɓaci. Tatsuniyoyinta da yawa, amma in dai Baba na falon, wannan take maimaitawa, har muka fara ƙorafi.

Aikin da ake ta tattali ma bai tsaya ba, an sallami Baba. Ya samu wani a Birmingham, muka koma can, unguwar Erdington. Sabon ma'aikaci kuma ina ya ga fuskar neman hutu? Sai "baɗi in Allah ya kai mu". A sabon gidan babu wutar da za a kewaye, kowane ɗaki da ɗuminsa, kowa ya shige nasa. Kaka ta daina hira. Daga zuwa wurin GP, likitan unguwa, sai asibiti, daga asibiti ba ta dawo ba. A Birmingham aka binne ta, ana yayyafi.

Na daɗe ina jin haushin Baba. Daga baya na koma jin haushinta: ina laifin ta buɗe baki sau ɗaya ta ce a mayar da ita? Yanzu da na girma ba na iya ɗora wa kowa. Ita ta yi magana iya yadda aka koya mata. Shi kuma ya daɗe cikin mutanen da in suna son abu faɗa suke yi kai tsaye, kunnensa ya manta irin tata maganar. Abin dai yana mini ciwo.

Bayan na gama jami'a na je Kano, na gaida Inna Hajara. Ta tsufa tukuf. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, me ya hana ubanku kawo ta? Duk ran da muka yi waya sai ta ce mini, 'Jiya ma na gaya masa, a gaban yara.' Ni kuwa ina ta share mata ɗaki."

Ban gaya wa Baba wannan maganar ba, kuma ba zan gaya masa ba.