Ƙullin Toka a Bayan Randa

Jama'a, yau saura ƙiris in jefa digirin 'yata a kanal ɗin ban ruwa!

Da safe ina shara sai na ga ƙulle-ƙullen toka a leda, an ɓoye bayan randa. Na ce shi ke nan, asiri ne! Jiya fa muka yi cacar baki da Malam Sale, maƙwabcin gonarmu, kan layin ban ruwa.

Na zari mayafi, na ɗauki ledar, na tarar da shi cikin albasarsa. Na ce, "Sale, ni za ka yi wa asiri? Ta Allah ba taka ba!" Ya ce, "Hajiya Talatu, lafiyarki kuwa?" Na nufi kanal, ya biyo ni yana rantsuwa.

Na ɗaga hannu zan jefa ledar a ruwa ke nan sai waya. 'Yata Hafsatu ce daga jami'a. "Umma, don Allah ki ba wani direba a tasha tokata ta bayan randa ya kawo min. An kawo mana sabuwar na'urar duba ƙananan abubuwa, yau ne layina. In na rasa, sai baɗi zan gama."

Ashe ɓuntun shinkafa ta ƙona, tana binciken haɗa shi da siminti! Na zauna daɓas a bakin ruwa.

Sale ya ji komai. Ya ce, "To Hajiya, kawo asirin in kai miki tasha a babur."

Na miƙa masa. Tokar ta isa kafin azahar, alhamdu lillahi!