Wasiyyar Dada a Cikin Keke Napep

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa faɗa mini magana na ɗauke ta da gaske ba, kuma ba laifina ba ne. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, tana cewa ban iya cefane ba, na bar ta da zani ɗaya, ga kaina kamar tulu. Ni kuma ina ce mata tsohuwar da ta ƙi tafiya ta bar wa mutane ɗaki. Haka kaka da jika suke, kowa ya sani. Dada muke ce mata, don Bafulatana ce. Daga wata ruga a bayan Yindiski kakanmu ya auro ta ya kawo ta unguwar Dogo Tebo a Potiskum, inda ta tsufa tana tsokanar Barebari, dangin mijinta, suna ramawa.

Babana kuwa shi ne ɗanta na fari, saboda haka a idon mutane kamar ba ta san da shi a duniya ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa, ranar da take jin daɗinsa kuma ta ce "dogon nan". Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ita kuma ta amsa wa labule. Mutumin nan ya yi ritaya daga koyarwa, gemunsa ya yi fari fat, amma bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Yana sonta sosai, ita ma haka, sai dai kowa ya ɓoye nasa.

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa aka kwantar da ƙanwar Dada a wani babban asibiti a wani gari, Dada ta je dubiya. Ta tarar da ita da roba a maƙogwaro, inji yana hura mata numfashi, an ɗaure hannuwanta a jikin gado don kada ta fizge. A haka ƙanwar ta yi makonni, a haka ta rasu, ko leɓe ba ta iya motsawa. Ita ma Dada tana da ciwon zuciya, ƙafafunta na kumbura, kuma likita ya riga ya gaya mana magani sauƙi kawai yake kawo mata, ba warkewa ba.

Bayan an share makoki ta kira ni ɗakinta.

"Kai mai gida, zo ka ji. Ranar da na faɗi, kada a sa mini robar nan, kada a danne mini ƙirji. Ƙwaya zan sha, allura ma a yi mini, amma a bar mini bakina in yi kalmar shahada."

Na ce, "Ai ni zan riƙe wa likita robar, Dada, ko ma huta da surutu."

Ta jefe ni da mafici, na fita ina dariya. Har ga Allah na zaci sabon wasa ta fito da shi.

Wadda ta fara ɗaukar zancen da gaske maƙwabciyarmu ce, wata nas Kirista 'yar Kudu da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Ita ke zuwa auna wa Dada jini. Ta daɗe a Potiskum ƙwarai, amma Hausarta har yau ba ta raba mace da namiji.

"Mama, doka ya ba ka dama," in ji Sista. "Babban mutum mai hankalinsa, in ya ce ba ya son a yi masa kaza, likita ba zai tilasta shi ba. Amma ranar da bakinka ya rufe, wa likita zai tambaya? Babban ɗanka. Ko an rubuta a takarda, in ya tsaya yana kuka yana cewa a yi komai, za a yi komai. Shi za ka gaya wa."

Dada ta dube ta kamar an ce mata ta je kasuwar shanu ta yi rawa. Ta riga ta aika an tambayo limamin unguwa, ya ce neman magani abu ne mai kyau, amma ba dole ba ne a kan wanda likitoci suka ce ciwonsa ba na warkewa ba ne. Doka ta yarda, malam ya yarda, saura Baba. Mu da take iya yi wa magana ba ma ɗaukar komai nata da gaske, shi kuma da maganarsa za ta yi aiki a asibiti, kunya ta hana ta yi masa magana.

Da farko ni ta aika. Na sami Baba a zaure, na gyara murya na fara da kyau, amma ina zuwa kan roba sai na tuna maficin, dariya ta ƙwace mini. Baba ya ɗago daga rediyonsa ya ce, "Kai da matarka ku ƙarata can."

Sai ta gwada buta. Da safe Baba na durƙushe a bakin labule, muka ji tana cewa, "Ke buta, ki gaya wa masu kunne cewa ƙirjin nan nawa da maƙogwarona..." Baba na jin uwarsa ta ambaci ƙirjinta, kunya ta rufe shi, ya kwashi takalmansa a hannu ya fice da sauri. Butar ce ta ji sauran bayanin.

Sai muka ɗauki muryarta a waya don a tura zauren hirar dangi na waya. Nan ma ta ɓata abinta da kanta, don ta fara da cewa mijinta mai kan tulu ya riƙe wayar a karkace. Kafin azahar zaure ya cika da hotunan dariya. Wani jikanta da ke Kano har kiɗa ya sa wa muryar ya sake turowa. Ranar ce na fara ganin ranta ya ɓaci da gaske, ko abinci ba ta ci ba. Jikina ya ɗan yi sanyi, amma ban san yadda zan yi mata magana ba tare da tsokana ba, don ban taɓa yi ba.

Wata Laraba da hantsi, ranar kasuwar shanu, sai muka ji salatin mahaifiyata. Ga Dada kwance a tsakar gida kusa da turmi, ido a rufe, ɗankwali a gefe. Baba, wanda ban taɓa ganin ya taɓa ko yatsanta ba, ya sunkuce ta kamar jaririya ya yi waje ba takalmi. Na tare keke napep. Shi ya shiga baya da kanta a cinyarsa, ni na raɓa gaba kusa da mai keken, rabin jikina a waje.

Baba ya kira wani likita tsohon ɗalibinsa a waya ya ce, "A shirya komai. Injin numfashi, komai da komai. In babu a nan, a nemo motar asibiti mu wuce Azare, ko Kano ma."

Muna hawa babban titi muka maƙale a bayan wata tirelar shanu, gaba ba hanya, baya ba hanya. Na waiga in duba ta, sai na ga ido ɗaya a buɗe yana kallona. Ta ɗaga mini gira, ta mayar da idon ta rufe. Na cusa hula a baki. Kafaɗuna suna ta rawa, hawaye na zuba, mai keken kuwa ya dafa ni yana cewa, "Haƙuri ɗan'uwa, kowa can za shi." Wannan ta'aziyyar ce ta kusa kashe ni.

Baba na cikin ce wa likita a nemo jini ma a ajiye, sai Dada ta tashi zaune, ta gyara zaninta, ta juyo ta dube shi tsakiyar ido, ta kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, babu ragi.

Mai keken ya yi tsalle ya fita yana salati, don a lissafinsa gawa ya ɗauko. Wayar Baba ta suɓuce ta faɗi ƙasan keke, likita na ta halo halo. Ni ma dariyar ta ɗauke. Ban taɓa ganin fuskar babana haka ba, kamar ta ƙaramin yaro.

"Da kunnena na ji abin da za ka yi mini," in ji Dada. "Shi ya sa na kwanta. Ka ga yadda 'yar'uwata ta tafi. In na faɗi da gaske, ka kai ni likita ya duba. In ya ce roba ce ta rage, ka ce a'a, ka maido ni ɗakina. Ka ji?"

Baba ya ce, "Dada, in na ce a'a, ai ni na kashe ki."

"Allah ne ke kashewa, kai malamin makaranta ne kawai. Ka ce ka ji. Ga shaidu nan, ga mijina, ga mai keke, ga shanu."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Na ji, Dada."

Nan take ta kau da fuska ta ce mini, "Gaya wa wancan ya matsa, ya danne mini zani." Ta kuma ce tunda an riga an fito, a biya da ita wajen masu nono. Da ƙyar muka lallaso mai keken ya dawo, kuma duk hanya yana leƙenta ta madubi. Da yamma Sista ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta sa aka rubuta maganar, Dada ta dangwala yatsa, aka kai cikin fayil ɗinta na asibiti.

Sai da wata damina ta zagayo sannan ta faɗi da gaske. A asibiti likita ya ce huhunta ya cika da ruwa, zuciyar ta gaji. Ana iya sa mata roba a tura ta wani gari, amma ba zai yi mana alkawarin za ta sake tashi ba. Ƙanen Baba, wanda ya taho daga Damaturu, ya ce me ake jira, a sa. Likita ya dubi Baba. Baba ya riƙe ƙarfen gado ya ce a'a. Likita ya sake yi masa bayani a tsanake, ya sake tambaya, Baba ya sake cewa a'a. Aka ba ta maganin da zai sassauta mata numfashi, muka maido ta ɗakinta. A nan ta cika, Baba na zaune a gefen gadonta yana laƙƙana mata kalmar shahada, leɓunanta na binsa a hankali.

A wajen zaman makoki ƙanen nasa ya faɗa masa a gaban mutane cewa shi ya bar ta ta mutu. Baba bai tanka ba, kuma har yau gaisuwarsu ba ta wuce ta sallah da ta jana'iza. Ni na sha jin haushin wannan shirun nasa. Wata rana muna zaune a zaure na tambaye shi ko yana nadama.

Ya rage muryar rediyo ya ce, "Kullum ina yi. Amma duk tsawon rayuwata, abu ɗaya ta taɓa nema a wajena da bakinta."