Dangar da Na Kafa wa Masarata

Shekarun baya, tun ana rufe ƙofofin Hadejia da magariba, mahaifina ya yanka mini gayauna a bakin fadama. Ya ce in masarata ta yi kyau gonar ta zama tawa, in ta lalace ta koma gandu. Ni kuwa lokacin kaina rawa yake. Na ce a raina ko akuya ba za ta leƙa ba. Na kwaso karan masarar bara da ke jibge bayan rumbu, na kewaye gonar da danga mai kauri, har masu kwalekwale na tsayawa kallo.

Ruwa ya sauka, shuka ta kai gwiwa. Sai ganye ya fara hujewa a jere kamar an bi shi da allura, tsakiyar ta bushe. Na ce shi ke nan, baki ne! Na kifa tsohuwar tukunya kan sanda don maganin baki, na daina gaisawa da maƙwabcina wata guda don shi nake zargi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ran nan kakata ta dogaro sandarta ta zo. Ko masarar ba ta kalla ba, ta zare kara ɗaya daga dangar ta tsaga. Wallahi cikinsa rami ne, ga wani abu kwance kamar ƙwallon dabino.

"Maigida, ga maƙiyin naka," in ji ta. "Tsutsa ce. Cikin busasshen kara take cin rani. Da ta ji ruwa sai ta ƙulle haka, ta fito da fiffike, ta saka ƙwai a ganye, 'ya'yan su huda kara su shige. Mutane na ba shanu karan ko su ƙone, kai ka ɗauko ɓarawo ka ba shi gadi."

Na ce, "To Kaka, yanzu fa?"

"Zuba toka a kan kowace shuka, ka je ka gaida maƙwabcinka."

Na yi duka biyun, amma aikin gama ya gama. Iska ɗaya ta kwantar da masarar, dangar kuwa tana tsaye ƙyam. Abin da na girbe bai cika kwando ba. Baba ya dubi kwandon, ya dubi dangar, ya ce, "Kai, ka iya shinge." Gayauna ta koma gandu, sai bayan damina uku na sake samunta.

Yau furfura ta cika kaina, amma abin bai daina yi mini ciwo ba. In gona ta lalace ba na kallon maƙwabci, sai na fara tsaga abin da na kawo da hannuna.