Farcen Yayana

Ni dai ban taɓa shiga ajin likitanci ba, amma tun da na samu waya mai intanet na kamu da son karanta duk abin da ya shafi ƙashi da gaɓoɓi. Ina tsintar shinkafa ina kallon hoton gwiwa. A gidanmu na Malali har suna aka sa mini, wai likitar waya, kuma yayana ne ya fara.

Shi tela ne, shagonsa na Unguwar Dosa. Wata ranar Litinin ya faɗi da babur, hannun dama ya karye tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Baba ya aika aka ɗauko mai ɗori daga Rigachikun, dattijon da ya taɓa ɗora ƙafar kawunmu ta warke sarai. Ya ja hannun, ya jera karare, ya naɗe da ƙyalle ya ɗaure tamau. Kafin ya tafi ya ja mana kunne: ba mai taɓa ɗaurin nan sai ya dawo. Kowa ya san wannan dokar, ɗori mai shi ne kaɗai ke kwancewa.

Washegari da hantsi na kai wa Yaya koko, na tarar yana haɗa gumi. Yatsunsa sun kumbura suntum, da na taɓa na ji sanyi.

"Yaya, ɗan motsa min yatsun nan."

"Ke likitar waya, ajiye kokon ki ba ni wuri. Ƙashi ne ke kamawa."

Umma ma daga ƙofa haka ta ce, ai ɗori sai da zafi.

To ni kuwa na karanta wannan. Hannun da ya karye yakan ci gaba da kumbura bayan an ɗaure shi. In ɗaurin ya matse, jini ba ya samun hanya, naman ciki ya fara mutuwa, yatsu su ƙandare su ƙi miƙewa har abada. Ina tela zai riƙe almakashi da irin wannan hannun?

Ban tsaya gardama ba. Na kamo hannun Umma na danna farcenta, ya yi fari, ina saki jan ya dawo. Na danna na Yaya. Ya yi fari ya tsaya a haka, muna kallo.

"Sake dannawa," in ji Umma.

Na sake. Yaya ya daina tsokana, ya ce gaskiya tun asuba yake jin yatsun kamar ba nasa ba.

Umma ta kira Baba a ofis. "Alhaji, asibiti za mu kai yaron nan yanzu. In dattijo ya zo, kai ka ba shi haƙuri."

A asibiti nan take suka kwance kararen, suka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ce ƙashin ya zauna daidai, matsewar ce ta kusa yin ɓarna, kuma an zo a kan lokaci. Sai da kumburin ya sauka suka sa masa siminti.

Da ya koma shago, rigar farko da ya yanka da hannun tawa ce. Ya miƙo min yana murza yatsu, ya ce, "Ungo, likitar waya. Danna farcen ki gani."